Kilomita 100 a duwatsun Atlas, atisaye kaɗan, sati goma suka rage: in je ko in fasa?

Wani matashi daga Zengo, nan cikin Damagaram, ya aiko da tambaya. A taƙaice ya ce: "Na yi rajistar tseren duwatsu a Maroko, kilomita 100, jimillar hawa kusan mita 6,000, za a yi shi farkon Oktoba. Aiki da hidimar gida sun cinye mini lokaci. Sau uku nake fita gudu a sati, duka-duka kilomita 25 zuwa 30, kuma mafi tsawon abin da na taɓa yi a tashi ɗaya kilomita 21 ne. Na riga na biya kuɗin rajista da na jirgi. Zan iya gamawa?"

Ƙanena, sannu da himma. Bari in ba ka ra'ayina tun yanzu don kada ka yi ta karatu kana jira: da wannan atisayen, ba zan tura ka kilomita 100 a bana ba. Galibin masu shirya irin wannan tsere suna haɗa shi da ƙananan zanguna a kwanaki guda, na kilomita 25 ko 40 da 'yan kai, kuma da yawa suna yarda mutum ya sauya matuƙar bai wuce ranar da suka yanke ba. Kuɗin jirginka bai faɗi ba, duwatsun kuma su ne dai za ka taka. Amma na daɗe ina aiki da masu gudun nesa, na san wanda ya riga ya shaida wa abokai a majalisa cewa ɗari zai yi, da wuya ya sauko da maganar mutum ɗaya. Don haka zan bayyana maka abin da ke jiranka, da abin da sati goma za su iya gyarawa, da gwajin da zai raba gardama tsakanina da kai.

Mu fara da lissafi. Masu tseren duwatsu suna ƙirga kowane hawan mita 100 a matsayin ƙarin kilomita ɗaya. Ke nan naka ba 100 ba ne, 160 ne, kusan nisan Damagaram zuwa Gure. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yana hawan mita 400 zuwa 500 a awa idan yana sabo, ya ragu idan ya gaji. Hawan kaɗai zai ci maka awa 12 zuwa 15, ba a sa sauka ba, ba a sa tsayawa ba. Ka sa a ranka za ka kwana a hanya, wataƙila dare na biyu ma ya riske ka. Idan kana ganin zakarun duniya a bidiyo, ka tuna wane ne su. A babban tseren UTMB da ke zagaye dutsen Mont-Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, mai kilomita 170 da wani abu da hawan kusan mita 10,000, Kilian Jornet ya gama a awa 19 da minti 49 a 2022, Jim Walmsley ya yi awa 19 da minti 37 a 2023. Talakawan tseren kuwa ana ba su fiye da awa 46, kuma duk shekara ɗaruruwa ba sa isa, alhali sai da kowannensu ya gama wasu tseren kafin a karɓe shi.

Abin da kake tsoro na sani, hawa ne da numfashi. Kowa daga ƙasar shimfiɗe haka yake tsoro. Amma hawa yana da magani mai sauƙi: ka rage sauri, ka dogara sanda, ka tsaya ka huta, numfashi ya dawo. Abin da ke fitar da mutane irinka daga tsere shi ne gangara. Duk mitar da ka hau sai ka sauke ta, kuma a sauka naman cinyarka na gaba yana aikin birki: yana ɗaurewa a daidai lokacin da nauyin jikinka ke miƙar da shi. Wannan aiki yana yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka, kuma ba ya sa haki, shi ya sa ba ka jin ɓarnar sa'ad da take faruwa. A gangaren farko za ka ji daɗi, iska na kaɗa ka, ka wuce mutane goma kana ganin ragwaye ne. A kilomita na 55 sai ka iso bakin wani gangare na mita 1,200, ka ga cinyoyin sun ƙi. Za ka ga ƙarti suna sauka da baya-baya, suna riƙe dutse da hannu, wasu a gicciye, taku ɗaya sai ajiyar zuciya. Numfashinsu lafiya lau, ƙafar ce ta mutu, kuma hutun minti ashirin ba ya dawo da ita. Sai kwanaki.

Matsalarmu a Damagaram ita ce ba mu da inda za mu koyi wannan. Garin bai kai mita 500 a saman teku ba, kuma duk da duwatsun da muke taƙama da su a Birni da bayan gari, mafi yawansu hawan 'yan mintoci ne. Dutse mai tsayin mita 30 sai ka hau shi sau 200 kafin ka tara mita 6,000. Duk da haka akwai sa'a guda: tsoka tana saurin koyon wannan darasi. Masu binciken motsa jiki sun daɗe da tabbatar da cewa zama ɗaya na atisayen gangara mai tsanani yana ba da kariya ta makonni, karo na biyu ciwon ba ya kai na farko. Wannan ne abu mafi riba da za ka iya saya da sati goma. Ka nemi gangare mafi tsawo da za ka samu, ko na minti biyu ne, ka hau da tafiya, ka sauko da gudu mai ɗan ƙarfi, taku gajeru masu sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido kamar taku uku a gabanka. Farko minti 20 ya isa. Kwana biyu bayan nan za ka zagi sunana idan za ka tsuguna, wannan daidai ne. Ka maimaita duk kwana goma, kana ƙarawa har ya kai awa ɗaya. Ka fita da asuba bayan salla, kafin dutsen ya ɗauki zafi, kuma ka kula da santsi idan an kwana ana ruwa.

A gida kuma ka samu dakali ko benci mai tsayin santimita 40. Hawa 1,000 a kansa mita 400 ne. Aiki ne mai gundura, ka kunna rediyo. Abin da ya fi hawan muhimmanci shi ne saukowar: ka tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ka sauke ɗayar a hankali kana ƙirga uku kafin ta taɓa ƙasa, sau 12 zuwa 15 kowace ƙafa, zagaye uku, sau biyu a sati. Idan ya yi sauƙi ka goya jaka da buhunan ruwa a ciki. Idan wurin aikinka akwai bene, hawa ɗaya kusan mita 3 ne, shi ma ya shiga lissafi.

Abin da ba na so ka yi shi ne ramuwa. Mutum ya ga lokaci ya ƙure, sai ya tashi daga kilomita 30 ya koma 80 a sati. Zuciya da huhu suna ƙara ƙarfi cikin makonni, amma agara da ƙashi watanni suke buƙata, kuma su ne za su fara kuka: ƙwauri, agarar dunduniya, gefen gwiwa. Gudunka ka bar shi kusan yadda yake, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Ƙarin awannin su zo daga tafiya. A tseren nan, a matakinka, fiye da rabin hanya tafiya za ka yi da ƙafa, to ita za ka koya: tafiya mai sauri, da jaka mai kilo 4 ko 5, da sanduna biyu. Yashinmu yana taimakawa a nan, domin taka rairayi yana gajiyar da ƙafa kusan yadda hawa ke yi. Asabar ka yi doguwa, Lahadi ka sake fita da gajiyayyar ƙafa ka yi rabinta. Ka fara da awa uku, kana ƙara awa guda duk sati biyu. Aƙalla sau biyu ka yi tafiyar dare da fitilar goshi, a inda ka sani, kuma ba kai kaɗai ba. Sati biyun ƙarshe ka rage komai da rabi, ka yi barci.

Ga gwajin. Sati huɗu kafin tsere, ranar Asabar, ka yi awa takwas a kan ƙafa da cikakkiyar jakarka: ka je Mirya ka dawo, wajen kilomita 18 ke nan sau biyu, ka ƙarasa sauran lokacin a kan dutse kana hawa da sauka. Lahadi ka ƙara awa uku. Idan ka iya cin abinci har ƙarshe, Talata kuma kana sauka daga mataki kamar kowa, to mu yi maganar ɗari da sharuɗɗan da zan faɗa. Idan ka yi amai, ko gwiwa ta kumbura, ko ka kasa fitowa ranar Lahadi, ka sauya zuwa ƙaramin zango. Ka duba yau ranar da ake rufe sauyin, kada ta wuce kafin gwajin.

Kafin duk wannan akwai abu biyu da suka shafi jininka, waɗanda Bature mai ba da shawara a intanet ba zai tuna maka ba. Na farko emasi, wato sikila. Mutane da yawa a ƙasarmu AS ne, wato sun gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensu, ba su sani ba, suna zaune lafiya, wasu ma manyan 'yan wasa ne. Amma idan aka haɗa aiki mai tsanani da ƙishirwa da ƙarancin iskar tudu, jinin AS yana iya rikicewa, ya taɓa saifa, ko tsoka ta narke. Saboda haka ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman sanin matsayin manyan 'yan wasanta tun 2010. Tunda dole ka kai takardar likita, kada ka nemi a sa maka hannu kawai. A auna jinin, a duba hawan jini, a yi awon zuciya, ka gaya wa likitan tsayin da za ka hau. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Atisayenka ya faɗo tsakiyar damina, tserenka kuma a lokacin da zazzaɓi ya fi yawa a nan. Zazzaɓi ɗaya yana rage jini, ya cinye maka sati biyu ko uku. Ka kwana a gidan sauro kullum. Idan ya kama ka cikin sati biyu ko uku kafin tafiya, ko ka warke, ɗari ta fita daga lissafi.

Tudu kuma: a mita 3,000 kowane numfashi yana kawo kusan kashi 70 cikin 100 na iskar da yake kawowa a bakin teku. Hanyoyin Atlas suna ƙetare mashigai sama da wannan, ƙololuwar Toubkal, dutse mafi tsayi a Atlas, mita 4,167 ce. Marrakesh, babban garin da ke kusa da duwatsun, tsayinta kusan ɗaya da na Damagaram, zama a can ba ya sabar da kai komai. Idan aljihu ya yarda, ka hau ƙauyen Imlil mai kusan mita 1,800, ko na Oukaimeden mai kusan 2,600, duk a cikin duwatsun, ka yi kwana uku ko huɗu kana 'yar tafiya a hankali. Zafin garinmu ya riga ya yi maka ɗan amfani, domin atisaye cikin zafi yana ƙara ruwan jini, amma bai maye gurbin wannan ba.

Sanyi ne abin da ɗan Damagaram ya fi rainawa. Hunturun da muke lulluɓa dominsa a Janairu bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. A dutse zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, ga iska, ga rigarka a jiƙe da gumi, ga jiki ya ƙone abincinsa. Ƙarfe uku na dare a saman mashigi yana iya zama sifili ko ƙasa. Ranar 22 ga Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100, iska da ruwa da ƙanƙara suka riske su a kan tudu da rana tsaka, galibinsu da gajeren wando da 'yar riga. Mutum 21 suka rasu saboda sanyi, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Don haka jerin kayan dole da aka aiko maka, rigar ruwa ta gaske mai hula, rigar ɗumi mai dogon hannu, safar hannu, hular sanyi, bargon leda mai ƙyalli, usur, fitila biyu da batir, kada ka nemi dabarar rage ko ɗaya. Ka ƙunshe busasshiyar riga a leda. Ka sa rigar ɗumi tun kafin ka kai sama, ba sai haƙora sun fara haɗuwa ba, domin a lokacin yatsu ba sa iya jan zif. Takalmin dutse mai kaifin tafi ka saye shi yanzu, ya ɗara lambarka kaɗan saboda ƙafa tana kumbura, farce kuma yana dukan gaba a gangara. Ka yi duk dogayen fitarka da shi.

Sai ciki. Abin da jiki ke ajiyewa na sukari a tsoka da hanta bai wuce na awa biyu zuwa uku na aiki mai ƙarfi ba, sauran sai abin da ka ci a hanya. Ana neman kusan giram 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, tun daga awar farko, ba sai yunwa ta zo ba. Dabino takwas zuwa goma irin namu ƙanana sun kusa kai wannan. Amma bayan awa goma zaƙi yana gundurar baki, har ganin dabino ya tayar maka da zuciya, shi ya sa ake haɗawa da mai gishiri: dafaffen dankali, burodi, miyar da ake bayarwa a tashoshi, 'yar shinkafa. Alkaki da nakiya suna tafiya da wasu, wasu kuma man yana kwanta musu. Kilishi da ƙuli-ƙuli na ɗanɗano ne, ɗan kaɗan, suna jinkirin narkewa. Duk abin da za ka ci can, ka fara cinsa a dogayen fitarka na nan, ciki ma atisaye yake so. Ruwa ka sha gwargwadon ƙishirwa, galibi wajen rabin lita a awa. Mu mutanen zafi mun saba ɗurawa, amma a wuri mai sanyi yawan ruwa zalla yana tsinka gishirin jini. A gudun fanfalaki na Boston na 2002, kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna an same su da wannan matsala. Alamarta ciwon kai, kumburin yatsu, amai da ruɗewa, mutum kuma ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara sha. Ka riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari irin na masu gudawa.

Maganin ciwo kuwa, a nan ba ni da sassauci. Ibuprofen da diclofenac da danginsu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da ƙodar ke fama da dattin tsokar da ta yayyage da ƙarancin ruwa. Wanda bai yi atisayen gangara ba shi ya fi yayyaga tsoka, shi kuma ya fi jarabtuwa da ƙwaya. Haɗin nan yana kai mutum ga wankin ƙoda. Tramol, wanda wani a gari zai ce maka yana sa ƙarfi, yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, yana sa jiri a bakin rami, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Ranar tsere, agogo ne abokin hamayyarka. Kowace tasha tana da lokacin rufewa, ka rubuta su a takarda ka liƙa a sandarka. Awa huɗu na farko ka bari kowa ya wuce ka. Duk hawa tafiya, duk gangara a hankali da sanduna, gudu sai inda ƙasa ta miƙe. Idan ba za ka iya yin magana cikakkiya ba, ka yi sauri. Tashoshi kuma suna satar lokaci: goma, minti 15 kowace, awa biyu da rabi sun tafi. Tun kafin ka iso ka san abin da za ka yi, ka cika gora, ka ɗebi abinci, ka ci kana tafiya. Inda ka ji ƙafa ta fara zafi, ka tsaya ka liƙa filasta tun bai zama bororo ba, wannan tsayuwa ba asara ba ce. Batun salla ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗawa da taimama tun kana gida, ka sa mintocinta cikin lissafi.

Sharuɗɗan da na ce: ka rubuta su, ka ba wa wani babba a gida kwafi, domin bayan awa ashirin ba barci kanka ba abin amincewa ba ne. Ka miƙa lambarka ka tsaya idan fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ɗauke awanni da yawa, idan amai ya hana ka riƙe ko ruwa tsakanin tasha biyu, idan kana karkarwa kuma ka sa duk kayanka ba ta daina ba, idan ƙirji ko gefen hagu na ciki ya soke ka, idan ka fara tangaɗi ko magana ta sarƙe, ko ciwo ya canja yadda kake taka ƙasa. A tasha ake tsayawa, ba a tsakiyar dutse ba. Idan kana shakka a wata tasha kuma gaba akwai dogon hawa cikin dare, a nan za ka yanke, domin wurare da yawa a Atlas mota ba ta shiga, da alfadari ake sauko da mutum. Ka tabbatar inshorarka ta ƙunshi ceto a dutse da jinya a waje.

Ko ka gama ko ka tsaya, kwana biyu na bayan tsere ka ci gaba da duba fitsarinka, ka sha ruwa, kada ka taɓa waɗancan ƙwayoyi. Idan ya yi duhu ko ya ragu ko ƙafafu suka kumbura sosai, ka je asibiti a can kafin ka hau jirgi, ka ce a auna ƙoda. Idan kuma zazzaɓi ya taso maka a Maroko, ka gaya wa likita daga Nijar ka zo, ka nemi awon maleriya da bakinka, domin ba cutar da suke gani kullum ba ce. Bayan gwajin Mirya ka rubuto mini yadda ƙafar ta kwana ranar Talata da abin da cikinka ya karɓa. Allah ya kai mu lafiya.